Birkin Mota Mai Lamba Sha Huɗu

Litinin, 13 ga Maris, 1978

Abdulwahid, ɗan maigidana, ya karye a hannu. Ba a mota ba ma, a matakalar gidansu ya zame. Shekara guda yana shirin wannan tsere, ya sa an kawo masa mota takanas ta jirgin ruwa, ni da kaina na ɗauko ta daga mina, tashar jiragen ruwa, ga shi saura kwana uku an yi masa ɗori.

Ina tsaka da lodin siminti ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Ya Rafi'u, kai za ka tuƙa. Ni zan zauna gefenka in riƙa karanta maka hanya." Ba tambaya ba ce. Shekara goma sha ɗaya ina jan babbar motar ubansa tsakanin mina da sito, sunan ubansa ne a kan iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, shi ne kafilin da ya tsaya mini. Ɗan kafili ba ya tambaya.

Amma kada in yi wa littafina ƙarya: ina so. Tun ina koyon tuƙi a hanyar Gadarif, can gida, nake so a ba ni mota marar kaya, da fili, a ce taka.

Na gaya wa matata Luba. Tana tsefe wa Madina kai, ba ta ɗago ba. "Baban Madina, in ka ci me za su ba ka?" Na ce kofi. Ta ce, "Muna da kofuna."

Laraba, 15 ga Maris

An gwada motar yau a filin gishiri na arewacin gari. Gudun ɗari da sittin. Ban taɓa ganin ƙasa tana gudu haka ba.

Kawu Abdulghaffar ne makanikenmu, kamar yadda yake makaniken duk motocin gidan. Wan mahaifiyata, shi ya ƙetaro da ni teku, a warsharsa ta gyaran motoci da ke unguwar Sharafiyya na kwana shekara biyu kafin in yi aure. Ya zagaya motar sau uku, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito bai ce komai ba. A wurinsa yabo ke nan.

Tsarin: kwana biyu. Gobe ta sarari har gindin duwatsu, a hau a yada zango a sama. Jumma'a da sassafe a gangaro ta tsohuwar hanyar tsauni, a ƙare kafin a tafi masallaci. Mota ashirin da biyu, mu ne lamba sha huɗu. Direbobin duk 'ya'yan attajirai ne da Turawan kamfanoni. Wajen rubuta suna wani ya gan ni tsaye ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa masa. Sannan na sa hular kwanona a gabansa, a hankali.

Alhamis, 16 ga Maris

A zango, kafin magariba.

Mu ne na biyu. Cikin ashirin da biyu. Minti uku tsakaninmu da Baturen da ke gaba. Abdulwahid yana ta ihu cikin mota har muryarsa ta dushe, ya manta da karayarsa.

Saura kaɗan mu iso, a cikin wani busasshen rafi, na ji dutse ya doki ƙasan mota. Kwanar da ta biyo na taka birki, ƙafata ta nutse kusan ƙasa kafin ya kama. Ban faɗa ba. Da giya na ƙaraso.

Awa ɗaya kawai ake ba makanikai, daga nan a kulle motoci cikin shinge har safiya. Kawu ya fito daga ƙarƙashinta hannunsa sharaf da man birki. Bututun da ke kai mai tayoyin baya ya fashe. Babu na canji. Da kansa ya ce laifinsa ne, ya ɗauko komai ban da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya dandaƙe bakin bututun da guduma don man ya daina zuba, ya ƙara wani ya cika. Wato tayoyin gaba kaɗai ke kamawa.

Abdulwahid: "Tana tsayawa ko ba ta tsayawa?"

Kawu: "A sarari tana tsayawa. A gangara za ta tsaya sau biyar, sau shida. In ƙarfen ya yi zafi, ba ta san ka ba."

"Rafi'u yana gangarowa da buhu ɗari uku na siminti. Wannan 'yar motar ce za ta gagare shi? Ko ya Rafi'u?"

Duk suka kalle ni. Na ce zan iya. Na ce da giya zan sauko da ita, ba sai na dogara da birki ba. Har dariya na yi.

Kawu ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya ce, "Ɗan nan, ni na ɗauko ka daga hannun uwarka." Shi ke nan abin da ya faɗa.

An kawo shinkafa da naman rago. Loma biyu na iya.

Jumma'a, 17 ga Maris

Ina gida. A kan tabarmata, Madina tana barci a cinyata. Alhamdu lillahi.

Bari in rubuta daki-daki, don gobe zan fara gyara labarin yadda zai yi mini daɗi.

Bayan asuba Kawu ya tafi tantin alƙalan tsere, bai gaya wa kowa ba. Sai gani muka yi an aiko kiranmu. Su uku ne: wani tsohon jami'in kula da hanya, Bahijaje ɗan ƙasa mai farin gemu, shi ne shugaba, wani injiniya ɗan Labanan, da Bature guda. Kawu na tsaye gefe da hularsa mai maiƙo, yana kallon ƙasa.

Abdulwahid ya yi ja kamar gauta. Ya ce da Larabci wannan ma'aikacinsu ne, ba shi da hurumin magana. Kawu ya ce, "Gaskiya ne, ya Ustaz. Amma motar ba ta da birkin baya."

Sai gardama ta ɓarke tsakanin alƙalan su da kansu, don takardar dokokinsu shafi biyu ce, ba ta ce komai a kan haka ba. Baturen ya ce tsere dama kasada ce, direba baligi ne, in ya yarda ya sa hannu ya tafi. A ƙasarsu ya ga an ƙarasa da abin da ya fi wannan lalacewa. Ɗan Labanan ya ce ba shi kaɗai ke kan hanyar ba, akwai mota gabansa da bayansa, akwai makiyaya, akwai masu kallo a kan kwana. Baturen ya ce to ashe sai a hana duk wanda fitilarsa ta fashe. Aka yi ta yi. Direbobi suka taru a bakin tanti. Wasu na so a bar mu don gobe kada a hana su, wasu na so a fitar da mu don mu ne na biyu. Ban ga wanda ya damu da wuyana ba, sai mai hula mai maiƙo.

Tsohon ya juyo gare ni. "Kai ne mai tuƙi. Za ka iya?"

Abdulwahid na gefena, ina jin numfashinsa. Wanda na miƙa wa ruwa ran Laraba yana bakin ƙofa yana kallo. Na ce, "Zan iya." Me zan ce?

Tsohon ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce ba zai yi hukunci da baki ba, a gwada. Aka kafa tuta a fili, aka auna taku, aka jera gangunan mai guda huɗu, wofi. In zo da gudun ɗari, in na wuce tuta in tsaya kafin ganguna. Sau uku a jere, ba hutu. Ni kaɗai a mota.

Na farko na tsaya, da saura. Na biyu na tsaya, hancin motar kusan ya taɓa. Ina jin ƙaurin birki yana shigowa ta taga.

Na uku.

Wannan ba wanda zai karanta. Na wuce tuta, na taka, ya yi laushi kamar na taka tuwo. Na san abin yi. Sauke giya zuwa ta biyu, ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, shi da ke kama tayoyin baya ba tare da mai ba, da ta tsaya, ko da a karkace ne. Na yi haka da babbar mota fiye da sau ɗaya. Hannuna yana kan birkin hannun. Na ji sanyin ƙarfen. Ban ja ba.

Ban sani ba ko na yanke shawara ne ko hannun ne ya ƙi. Ganguna biyu suka tashi sama, ɗaya ta gangara can har sai da wani ya yi tsalle.

Tsohon ya ce da Larabci, "Halas," wato an gama. Ya ja layi a kan lamba sha huɗu.

Na fito na jefar da hular kwano a yashi. Na tafi wajen Kawu a gaban jama'a na ce masa ya tozarta ni, ya zubar da mutuncina a ƙasar mutane, tsufa ya sa shi tsoro. Na ɗaga murya. Ga Kawu. Ya je ya ɗauko hular ya karkaɗe ta.

Kuma duk lokacin da nake wannan faɗa, cikina wani sanyi ne ke ratsa shi, kamar na sha ruwan randa bayan azumi.

Bayan motoci sun tafi muka ɗora tamu a kan babbar mota, muka bi hanyar a hankali. Na zauna gefen taga. Kwana talatin da ɗaya na ƙirga. Ta sha tara ba ta da ko dutse a baki, sai sarari, can ƙasa awaki kamar ƙwayar gero. Abdulwahid a kujerar gaba ta wata mota, bai ko waiwayo ba.

Ba wanda ya yi hatsari yau. Baturen da ke gabanmu jiya ne ya ci. Mun samu Jumma'a a wani masallacin bakin hanya, na daɗe a sujada har na gefena ya taɓa ni.

Luba ta ga fuskata ta ce, "Ba ka ci ba ke nan." Na ce an zalunce mu. Ta zubo mini tuwon asida da miyar kuɓewa. Kwano biyu na cinye.

Asabar, 18 ga Maris

Barci har hantsi. Rabon da in yi irinsa tun kafin a haifi Madina.

Lahadi, 19 ga Maris

Na koma mina. Labari ya riga ni. Direbobi sun kewaye ni wajen mai ful, dafaffen waken nan, kowa da fatawarsa. Bello ya ce ai namiji ba a tare shi a hanya, wanda ya hau ya san abin da ya hau. Adamu mai jan kireni ya ce shi da a ce shi ne hukuma, ko fitila ce ta mutu sai ya hana. Suka ce ni fa? Na ce da an bar ni da yanzu kofin yana gidanmu na Kurayyat a kan akwatin Luba. Aka tafa mini, wani ya biya mini shayi.

Daɗin faɗa gare ta, wannan magana. Ba abin da za ta ci mini tunda an riga an hana.

Talata, 21 ga Maris

Abdulwahid ya ba da umarni: daga yau kada a ƙara kai motar gidan ko ɗaya warshar Kawu. Mota tara. Kusan duk aikinsa ke nan.

Luba ce ta jiyo wajen matar Kawu. Ta ce, "Ka je ka gaishe shi mana." Na ce shi ya jawo. Ta kalle ni irin kallon da ba na so, ta ce, "Ran Alhamis ɗin nan ban iya haɗiye ko ruwa ba. Ban san wa zan yi wa godiya ba, ashe shi ne." Na fita waje.

Alhamis, 23 ga Maris

Na bi ta Sharafiyya ba dalili. Daga tsallaken titi na hango shi zaune a kan tsohuwar taya, yana wanke kusoshi a kwanon kananzir. Ramin gyara ba mota. Ban tsallaka ba.

Litinin, 27 ga Maris

Maigida ya kira ni ofis. Tsohon da kansa, uban Abdulwahid. A shekara sha ɗaya sau biyu na taɓa shiga ɗakin nan. Tun daga matakala nake lissafin yadda zan gaya wa Luba ta fara ɗaure kaya, da wanda zai karɓe mu a Gadarif.

Bai ce in zauna ba. Ashe bai san ɗansa yana cikin motar ba. An gaya masa kallo kawai zai je. Tsohon alƙalin nan abokinsa ne, a wajen wata ta'aziyya suka haɗu, zance ya fito.

Ya ce, "Da sun bar ku, da ka tafi?"

Na ce da na tafi.

"Da ɗana a gefenka."

Na ce e, ya Ammi, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Don me?"

Na ce shi ya ce in tafi. Yana juya carbi ya ce, "Kai ba za ka iya ce masa a'a ba, shi ba zai iya ce wa kansa a'a ba." Kamar da tebur yake magana, ba da ni ba.

Na ga ya ɗauko alƙalami, na ce yanzu ne za a kore ni. Sai bakina ya buɗe ba shiri. Na ce, ya Ammi, Mu'allim Abdulghaffar bai yi ƙarya ba. Motar ba ta da birki. An karɓe masa aiki a kan gaskiya. Ya ɗago: wane aiki? Wannan ma bai sani ba.

Ya ce in koma bakin aikina. Iyakarta.

Na sauko matakala ina riƙe da bango. A waje rana ta buɗe, teku na wari kamar kullum, masu dako na zagin juna. Ban taɓa jin son mina irin na yau ba. Na sayi lemun zaƙi jaka guda na kai gida, Luba ta ce wa ya haihu.

Laraba, 29 ga Maris

An mai da wa Kawu motoci. An sayar da ta tseren, wai wani mutumin birnin Madina ya saya. Abdulwahid ya wuce ni a bakin sito kamar ya wuce turken fitila. Ina jin haka za mu zauna. Ba na jin zafinsa sosai. Shi ma ya so abin, fiye da ni.

Asabar, 1 ga Afrilu

Adamu ya ce ya ji wai masu shirya tsere za su ƙara doka: mota in birkinta ya taɓu, makanikensu ne zai duba, ba za a tambayi direba ba. Bello ya ce sun kashe tsere ke nan. Aka juyo gare ni. Na ce shayina ya huce, bari in karɓo wani.

Ina ta tunanin tambayar nan ta cikin tanti. Za ka iya? Ko sau ɗari aka yi mini ita a gaban mutanen nan, amsa ɗaya zan bayar. To mene ne amfanin yin ta.

Talata, 11 ga Afrilu

Lodin ƙarfen gini yau, zuwa wani aiki a hanyar Makka. Ina fita ƙofar mina na taka birki, na ji shi da ɗan laushi. Kaɗan ne. Irin wanda da sai in buga shi sau biyu in wuce, in ce sai ƙarshen mako.

Na faka a gefe. Mai kula da lodi ya zo yana yalla yalla, ana jiran ƙarfe tun safe. Na ce su jira. Ya ce zai kai ƙara ofis, na ce ya gaishe su. Na hau tasi zuwa Sharafiyya.

Na yi sallama, Kawu ya amsa kamar jiya muka rabu. Na gaishe shi a tsugune. Ya tambayi Luba da Madina. Na ce birkin babbar mota ne. Ya ɗauki akwatin kayansa.

Ya shiga ƙarƙashi, ni a sama kan kujera. "Taka. Riƙe. Saki. Taka." Iska ce ta shiga, da wata roba da ta fara tsagewa. Ya ce da ta kai ni yau, wataƙila har gobe.

Yana ɗaure kusa, daga can ƙasa, muryarsa ba ta canza ba, ya ce, "Ranar nan bayan an watse na je na duba sawunka a yashi. Na ukun. Tayoyin baya ba su ja ƙasa ba ko taku ɗaya."

Ina kallon sitiyari.

Ya ce, "Taka." Na taka. Ya kama tun daga sama, da ƙarfi.

Mun ci gurasar tamis da ful a bakin titi kafin in tafi, a kwano ɗaya. Ya yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Ƙarfen ya isa bayan la'asar, an yi mini faɗa, ban ji komai ba.

Har yanzu ina ganin da na iya saukowa da ita. Ina ganin dai.

Luba ta tambaya ko mun shirya da Kawu. Na ce wa ya ce mata mun ɓata.